Kwafin bayanai da saurin na'urar ajiya: tambayoyin da masu saba a Legas ke yawan yi

Tambayoyin nan daga bakin 'yan'uwanmu suke fitowa: masu kamfanonin sufuri a Apapa, masu ƙananan asibitoci da shagunan magani a Agege da Idi-Araba, dillalan Mile 12 da lissafinsu ya koma cikin kwamfuta, da matasan da ke kula musu da saba, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan kamfani tana yi wa sauran kwamfutoci hidima. Yawancinsu suna da reshe a Kano ko Kaduna, kuma buƙatarsu biyu ce: kada bayanai su ɓace, kada kuma aiki ya yi nauyi. Biyun nan suna jan juna, domin duk kwafin da aka ƙara akwai jiran da yake kawowa.

Injiniya, mene ne maimaita bayanai, kuma da me ya bambanta da in kwafe fayilolina a filash?

Alhaji, filash kai ne kake tunawa ka soka shi, ran da ka manta kuma shi ke nan. Maimaita bayanai na'ura ce da kanta take rubuta duk abin da ya canza a wuri na biyu, dare da rana, ba tare da an ce mata ta yi ba. Wurin na biyu yana iya zama wani faifai a cikin akwati ɗaya, ko wata saba a ɗakin da ke kusa, ko wata a wani gari. Amfaninsa shi ne in na farko ya mutu, na biyu ya karɓi aiki nan take ko cikin 'yan mintoci.

An sa mini RAID. Ke nan na gama?

Da sauran rina a kaba. RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya, wanda masana Patterson da Gibson da Katz suka fitar da tsarinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1988, maganin abu ɗaya yake yi: mutuwar faifai. Idan wuta ta ƙone akwatin, ko ɓarawo ya ɗauke shi, ko ruwan saman Yuli ya shigo ofis, duk faifan tare za su tafi. Idan akawu ya goge lissafin wata da kuskure, RAID zai goge shi a dukkan faifan a lokaci guda, domin aikin da aka ba shi ke nan.

To wane RAID ya fi dacewa da ni?

Ya danganta da ko aikinka karatu ne ya fi yawa ko rubutu. A ce kana da faifai 4, kowanne terabayit 4. RAID 0 zai ba ka 16 cif da sauri, amma faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi, don haka ba a sa shi cikin lissafin kariya. RAID 5 zai ba ka 12, ya jure mutuwar ɗaya. RAID 6 zai ba ka 8, ya jure mutuwar kowane biyu. RAID 10 shi ma 8 ne, yana jure ɗaya tabbas, wani lokaci biyu in ba tagwayen juna ne suka mutu ba.

Abin da mai sayarwa ba ya cika faɗa shi ne harajin rubutu. A RAID 10, ƙaramin rubutu ɗaya yana zama aiki 2 a kan faifai. A RAID 5 yana zama 4: a karanto tsohon bayani, a karanto tsohon lissafin kariya da ake sake gina bayani da shi in faifai ya mutu, a rubuta sabon bayani, a rubuta sabon lissafi. A RAID 6 yana zama 6. Faifai mai juyi 7,200 a minti yana iya yin ƙananan ayyuka warwatse kamar 100 a daƙiƙa in ya yi ƙoƙari. Faifai 6 sun ba ka 600 ke nan. Raba da haraji: RAID 10 ya bar maka rubutu 300, RAID 5 ya bar 150, RAID 6 ya bar 100. Faifai iri ɗaya, kuɗi ɗaya, amma sauri ya ninka uku tsakanin na farko da na ƙarshe.

Ni dai shawarata, manhajar lissafi da rumbun bayanan marasa lafiya a ɗora su a RAID 10. Hotunan kyamarar tsaro da tsofaffin takardu da ba a cika taɓawa ba, RAID 6 ya ishe su. RAID 5 a kan manyan faifai kuwa ba na sa wa mutum shi, dalilin yana zuwa a ƙasa.

Tun da aka haɗa mana saba ta biyu a Kano, buga rasit ya koma tafiyar hawainiya. Me ya faru?

Kusan tabbas an sa muku kwafin tare ne. Hanyoyin biyu ne. A kwafin tare, saba ba za ta ce wa manhaja "an ajiye" ba sai ta biyu ta amsa cewa ita ma ta rubuta. A kwafin biyo baya, ta farko tana amsawa nan take, ta aika wa ta biyu daga baya.

Jiran nan ba laifin kamfanin intanet ba ne kawai. Haske a cikin wayar faiba yana cin kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa. Wato kowane kilomita 100 yana cin milisakan 1, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, zuwa da dawowa. Waya daga Legas zuwa Kano, da yake titi take bi, ba za ta gaza kilomita 1,000 ba. Milisakan 10 ke nan tun kafin a lissafa na'urorin da ke kan hanya, kuma babu kuɗin da zai rage shi. SSD, wato faifai marar juyi, da ke cikin sabarku yana gama rubutu a ƙasa da milisakan 1.

Mutum zai ce milisakan 10 ai ba komai ba ne. A rubutu ɗaya, haka ne. Amma ku tsaya bayan akawun da ke buga takardar kaya ku gani. Ya danna maɓalli sau ɗaya, manhajar kuma a ciki tana rage kaya a sito, tana ƙara bashi a asusun kwastoma, tana ba rasit lamba, tana rubuta wanda ya yi aikin da lokacin da ya yi. Idan an gina ta yadda kowane mataki sai ya tabbata kafin na gaba, dannawa ɗaya tana iya zama rubutu 200 a jere. A gida, ƙiftawar ido ce. Da Kano a tsakani, daƙiƙa 2 ce cur, akawu yana kallon da'ira tana juyawa, direbobi sun yi layi a bakin taga. Ƙara faɗin layi daga megabit 100 zuwa 1,000 ba zai canza wannan ba, domin matsalar nisa ce, ba cunkoso ba.

Turai ta fi muni. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce, milisakan 70 mafi ƙaranci, wato rubutu 14 kacal a jere cikin daƙiƙa. Shi ya sa kwafin tare aikin cikin gari ne, kamar tsakanin Ikeja da Lekki. Abin da ya kai Kano ko ƙetare, a bar shi ya biyo baya.

Idan ya biyo baya, ai ana iya rasa wani abu?

Ana iya rasawa, kuma gara a faɗi gaskiya. Duk abin da bai riga ya isa can ba a lokacin da ta farko ta faɗi, ya tafi. Don haka kafin a sayi ko da waya ɗaya, mai kamfani, ba injiniya ba, shi zai amsa tambaya biyu. Aikin minti nawa zan iya rasawa in sake shigar da shi da hannu? Wannan shi masana ke kira RPO. Awa nawa zan iya zama babu kwamfuta kafin kwastomomi su watse? Wannan shi ne RTO.

Makarantar Islamiyya da ke ajiye sakamakon ɗalibai tana iya cewa kwana guda, kwafin dare ya wadatar. Dillalin da ke da kwafin takardun kaya a hannu yana iya jure minti 15. Mai harkar tura kuɗi ba zai jure ko ciniki ɗaya ba, shi dole ya biya kuɗin kwafin tare a cikin Legas, sannan ya ƙara na biyo baya zuwa nesa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ce "ban yarda in rasa komai ba" ga dukkan fayilolinsa har da hotunan walima, ya biya kuɗi mai yawa, ya kuma jawo wa abin da ya fi muhimmanci nauyi.

Ina ya kamata kwafi na biyu ya zauna?

Inda abin da zai sami na farko ba zai same shi ba: wutarsa daban, layinsa daban, kuma ba kwarin ambaliya ɗaya ba. Legas tana da cibiyoyin adana bayanai da ake hayar wuri a ciki, irin su Rack Centre a Oregun, da MDXi a Lekki wadda ta koma hannun Equinix bayan ya sayi MainOne a 2022, da Medallion a Victoria Island wadda ta koma hannun Digital Realty. Ana iya hayar gurbin saba ɗaya tak.

Masu ajiye komai a ƙetare su tuna 14 ga Maris 2024. A ranar wayoyin ƙarƙashin teku guda 4, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Yammacin Afirka da dama, har wasu bankunan Najeriya suka shiga damuwa. Gyaran irin wannan makonni yake ɗauka, domin sai jirgin ruwa na musamman ya zo. Wayar Equiano ta Google da ta iso Legas a 2022 ba ta cikin waɗanda suka yanke, aka karkata zirga-zirga kanta. Wanda kwafinsa na aiki yake nan gida ya ci gaba da buga rasit. Don haka a tambayi mai ba da layi wace waya yake hawa, kuma layinku na biyu kada ya zama wayar teku ɗaya da na farko da sunan kamfani daban.

Kwafinmu na Kano kullum yana baya. Layi nawa muke bukata?

Ba girman bayananku za a duba ba, yawan abin da ke canzawa a lokacin da aiki ya fi zafi za a duba. A ce gigabayit 60 ke canzawa a rana, duk cikin awa 8 na aiki. Gigabayit 7.5 ke nan a awa, kusan megabit 17 a daƙiƙa. Idan ƙarfin aikawarku megabit 10 ne, gigabayit 4.5 kawai ke fita a awa. Kowace awa ana bin ku bashin 3. Da la'asar, bashin ya kai 24, wato Kano tana baya da aikin fiye da awa 3. Cikin dare sai ta cim ma, da safe injiniya ya duba ya ga komai kore, ya ce lafiya lau. A duba ƙarfe huɗu na yamma, nan gaskiya take.

A lura kuma, lambar da ake tallatawa a layin gida yawanci ta saukewa ce, ta aikawa ta fi ƙanƙanta. Matse bayanai kafin a aika yana taimakawa ga rubutu da lissafi, amma ba ya yin komai ga bidiyo da hotuna da aka riga aka matse. Kwafin farko kuwa kada a ɗora wa layi: terabayit 10 a kan megabit 100 ya haura kwana 9. A zuba shi a faifai, a kulle da kalmar sirri, a ba amintacce ya kai, layi ya ci gaba da ɗaukar canje-canje kaɗai. Tsarin ajiyar fayiloli na ZFS yana yin haka da kyau, haka ma manhajar rsync da ake amfani da ita tun 1996.

Tun da ina da kwafi a wuri biyu, me zan yi da ajiyar ko-ta-kwana?

Hajiya, wannan ce tambayar da ta fi damuna, domin a nan ake tafka asara. Kwafin da ke bin na farko yana bin sa har cikin rami. Aka goge, ya goge. Masu kutse suka kulle fayiloli suna neman kuɗin fansa, kullallun fayilolin ne za su isa Kano cikin daƙiƙoƙi. Ajiyar ko-ta-kwana ita ce mai riƙe yadda abu yake jiya da makon jiya, kuma ba ta haɗe da sabar da ke aiki.

Manya ma sun ɗanɗana. A 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab yana ƙoƙarin gyara kwafin da ya tsaya, ya goge rumbun bayanai na ainihi a maimakon na biyu. Suka duba hanyoyin ajiyarsu, suka tarar yawancinsu ba sa aiki, suka rasa bayanan kusan awa 6. A 10 ga Maris 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin hayar saba na OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu kwastomomi suka gano ajiyarsu a wuri ɗaya take da na ainihin. A Yuni 2017 kuma, muguwar manhajar NotPetya ta lalata kwamfutocin Maersk, kamfanin da 'yan Apapa suka sani sarai. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito, sabobin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izininsu duk suna kwafin juna, don haka duk suka tafi tare, sai guda ɗaya a Ghana da ɗaukewar wuta ta raba ta da layi kafin harin. Faifanta aka kawo Najeriya da hannu, aka miƙa wa wani ma'aikaci ya wuce da shi Ingila.

Ƙa'idar da aka saba ita ce 3-2-1: kwafi 3, a kan nau'in ma'ajiya 2, ɗaya a wani wuri daban. Ni ina ƙarawa da cewa ɗaya ya zama a cire yake, ko kuma wanda ba ya goguwa ko da kalmar sirrin shugaba.

Hoton faifai da na'urar ke ɗauka kowace awa fa?

Wannan hoton, wato riƙe yadda bayanai suke a wani lokaci, yana da amfani ƙwarai wajen dawo da fayil da aka goge da safe. Amma a kan faifan yake zaune, in faifan ya tafi, tare za su tafi. A wasu tsare-tsare, kamar na VMware da tsohon salon LVM, barin hotuna su taru yana rage sauri. A aika hoton wani wuri, a share tsofaffi.

Layi ya yanke tsakanin sabobinmu biyu, kowacce ta ci gaba da karɓar aiki. Yanzu lissafi biyu ne. Yaya ake hana wannan?

Kowacce ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu, ta naɗa kanta shugaba. Gyaransa da hannu ne, rasit bayan rasit, kuma aiki ne mai cin rai. Maganin shi ne na uku mai raba gardama: na'urori 3, duk ɓangaren da ya samu 2 shi ke rubutu, ɗayan ya tsaya. Na ukun ba sai babba ba, ƙaramar kwamfuta a wani wuri daban ta isa. Ceph, wani tsarin ajiya, alal misali, a tsarinsa na asali kwafi 3 yake ajiyewa, kuma yana daina karɓar aiki in waɗanda suka rage ba su kai 2 ba. Ƙaramin kamfani da ba zai iya uku ba, gara ya bar sauyawa a hannun mutum: a yi waya, a tabbatar ta farko a kashe take, sannan a ɗaga ta biyu.

Ɗauke wuta yana lalata bayanai ne, ko dai kashe na'ura kawai yake yi?

Yana lalatawa. Don a yi sauri, katin RAID, wato abin da ke sarrafa faifan a cikin saba, yana riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarsa ya ce an ajiye kafin ya kai faifai. Batiri ko kafasito ne ke tsare abin da ke ciki in wuta ta tafi. A ɗakunan saba da yawa a nan, ƙaramin ɗaki ne bayan ofis, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin bokiti, UPS yana kuka duk lokacin da za a juya zuwa janareta, batirinsa ya kumbura ba wanda ya duba. Idan batirin katin ya mutu, kati mai kyau yana daina riƙe rubutu don kariya, sai a wayi gari saba ta yi nauyi ba gaira ba dalili. A fara duba nan kafin a zargi faifai. A haɗa UPS da saba ta waya yadda zai umarce ta ta kashe kanta cikin tsari, kuma a sayi SSD na sabobi mai kariyar ɗaukewar wuta.

Ta yaya zan gane abin da ke jawo nauyi? In sa SSD kawai?

A auna tukuna. Abubuwa uku ne: yawan megabayit a daƙiƙa, yawan ƙananan ayyuka a daƙiƙa da ake kira IOPS, da jinkirin kowane aiki. Na farko kamar tirela ce mai kwasar buhu ɗaruruwa a sawu ɗaya, na biyu kamar ɗan acaɓa ne mai kai ƙananan saƙonni gida-gida. Kyamarar tsaro tirela take so, manhajar lissafi ɗan acaɓa.

A Linux, manhajar iostat za ta nuna jinkiri da tsawon layin jira, manhajar fio kuma tana gwada ƙarfin faifai, amma kada a yi gwajin rubutu a kan faifan da ke ɗauke da aiki. A Windows akwai Performance Monitor. Idan jinkiri a faifai mai juyi yana zama sama da milisakan 20 a kai a kai, ya cika. SSD zai warware wannan: na SATA yana kai megabayit 550 a daƙiƙa da dubban ƙananan ayyuka, na NVMe ya ninka haka. Amma in jiran na Kano ne, ko ajiyar dare ce ke shiga cikin lokacin aiki, SSD ba zai taɓa shi ba. Kuma a kwafin tare, saurinka saurin mafi rauni ne: tsohuwar saba a matsayin ta biyu za ta ja sabuwar ƙasa.

Faifai ɗaya ya nuna jar wuta amma komai na aiki. Zan iya jira sai ƙarshen wata?

A'a, ɗan'uwa, yau za a canza. Yanzu ba ka da kariya, kuma sake ginawa kansa lokaci ne mai haɗari. Faifai mai terabayit 16, ko da yana rubuta megabayit 200 a daƙiƙa babu tsayawa, sai ya ci awa 22. Da aiki a kai, kwanaki ne, kuma duk tsawon lokacin ana karanta sauran faifan daga farko har ƙarshe, alhali sa'anni ne da wanda ya mutu, zafi ɗaya suka sha. Masu ƙera faifan gida suna rubuta cewa ana iya samun kuskuren karatu ɗaya a kusan kowane terabayit 12.5. A RAID 5, kuskure ɗaya a wannan lokaci yana iya tsayar da ginin. Dalilin da ya sa nake guje masa ke nan.

In za a sayo a Computer Village, a karanta bayanan SMART, wato rahoton lafiyar faifai, a gaban mai shago: awa nawa faifan ya yi yana aiki, gurbi nawa ya lalace aka musanya. A tambaya wane salon rubutu faifan yake da shi, CMR ne ko SMR, domin na SMR yana yin nauyi sosai a dogon rubutu, har kati ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi. A sayi biyu, ɗaya ya zauna a kabad.

Doka ta hana in ajiye kwafi a ƙasar waje?

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ba ta hana gaba ɗaya ba, amma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane, kuma hukumar kare bayanai ta NDPC ce ke sa ido. Bayanan lafiya suna cikin waɗanda ta ƙara tsaurarawa. Masu asibiti da masu harkar kuɗi su ga lauya kafin su zaɓi inda kwafi zai zauna, kuma ko ina ne a kulle shi da makullin sirri da ke hannunsu.

Yaya zan tabbatar duk wannan yana aiki?

Da gwaji. Kowane wata a zaɓi fayil da ka, a dawo da shi daga ajiya, a buɗe a gani. Duk wata uku ko shida, a ranar da babu ciniki, a kashe ta farko da gangan, a ɗaga ta biyu, akawu ya zauna ya buga rasit na gwaji, wani yana riƙe da agogo. Lokacin da agogon ya nuna shi ne RTO ɗinku na gaskiya, a kwatanta da wanda Alhaji ya ce zai iya jurewa. A sa na'ura ta aiko saƙo a waya in kwafi ya yi baya fiye da iyakar da aka yanka, saƙon kuma ya je wa mutum biyu. Matakan sauyawa a rubuta su a takarda, a manna kwafi ɗaya a ƙofar ɗakin saba, ɗaya a reshen Kano, tare da sunan wanda ke da ikon cewa a sauya da wanda zai tsaya masa in ya yi tafiya.